Shari'a da Alheri a Kunnen Bahaushe: Sharhi kan Kalmomi Biyu na Littafi Mai Tsarki

A cikin littattafan da aka mayar zuwa Hausa, kaɗan ne suka kai Littafi Mai Tsarki shiga kunnen jama'a. Ana karanta shi kowace Lahadi a majami'u daga Jos zuwa Maraɗi, ga Hausawa da kuma ɗimbin ƙabilun da Hausa ce harshen ibadarsu. An daɗe ana karanta shi a rediyo, tun zamanin da Muryar Bishara take haɗa shirye-shiryenta a Jos ana watsa su daga Addis Ababa. Yau kuma yana cikin katin waya, a aljihun leburan da ke kwaɓa siminti a Sabha. Mai karatu yana iya tsayawa ya duba bayanin da ke ƙasan shafi, ko ya koma baya ya sake bin jimla. Mai saurare ba shi da wannan gata. Kalma takan faɗa kunnensa ne da duk kayan da ta ɗauko daga kasuwa da kotu da gidan biki, kuma da kayan nan zai fahimce ta. Aikin rediyo ya koya mini haka, shi ya sa da kunne zan auna wannan fassara.

Kalmomi biyu kawai zan ɗauka, shari'a da alheri. A kansu muhawara mafi tsufa a addinin Kirista take tsaye: da me mutum yake samun karɓuwa wurin Allah, da bin ƙa'ida ko da kyautar da bai yi mata aiki ba? In kyauta ce, me ya rage wa ƙa'ida? Na san da yawa daga masu karanta wannan Musulmi ne. Wa'azi ba shi ne nufina ba. Harshen namu ne duka, kuma abin da kalma take yi a kunnen maƙwabcinka ya shafe ka, musamman a ƙasar da aka taɓa zubar da jini a kan ɗaya daga cikin kalmomin nan.

Sawun fassarar a Libiya

Wanda yake sauraron littafin nan a Sabha bai cika sanin cewa ta ƙasar da yake zaune Hausar littafin ta fara bi ba. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bauta yana ƙarami, Bajamushe Adolf Overweg ne ya 'yanta shi a Barno. Bayan rasuwar Overweg a 1852 ya bi Heinrich Barth, a 1855 kuma suka ƙetare Sahara ta Bilma da Murzuk, cikin wannan yanki na Fezzan, suka fita Tarabulus, daga nan sai Ingila. A can ya zauna da J. F. Schön, wanda bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba amma yake fassara sassan Linjila zuwa Hausa. Daga bakin 'yantaccen bawa aka kwashi yawancin Hausar da aka yi wannan aiki na farko da ita. Shi ma Likita Walter Miller, wanda ya ja ragamar cikakkiyar fassarar da ta fito a 1932, a Tarabulus ya fara koyon Hausa wurin mahajjata da fatake kafin ya nufi Kano a 1900, ya zauna Zariya daga 1905. Bayan wannan sai fassarar Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ta 1979, wadda ita ce na fi mayar da hankali a kai, sannan ta baya-bayan nan mai suna Sabon Rai Don Kowa.

Rigimar da Bulus yake yi

Kafin a auna kalma sai an san maganar da take ɗauke da ita. Wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa ita ce cibiyar muhawarar, kuma rigimar cikin gida ce. Mabiyan Yesu na farko Yahudawa ne masu kaciya, masu kiyaye Asabar da ƙa'idodin abinci. Da waɗanda ba Yahudawa ba suka fara shigowa, sai tambaya ta taso: dole ne su ma su yi kaciya su ɗauki Attaura kafin a lissafa su cikin jama'a? Bulus ya ba da labarin yadda ya tsaya wa Bitrus a Antakiya gaban kowa, saboda Bitrus yana cin abinci tare da baƙin nan, amma da wasu suka zo daga Urushalima sai ya janye hannunsa daga akushi. A ganin Bulus, wannan janye hannu ya rushe komai. In an karɓi mutum kyauta, ba wanda yake da ikon kafa masa shinge na biyu a bakin tabarma.

Daga nan muhawarar ta yi ta dawowa. A Arewacin Afirka, Agustin na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, ya yi ta da Felajiyus, mai cewa ɗan Adam yana da ƙarfin bin umarnin Allah da kansa. Taron Kartaj na 418 ya goyi bayan Agustin. Martin Luther ya sake tayar da ita a 1517 a kan takardun yafe azaba da ake sayarwa da kuɗi. Sai a 1999, a birnin Augsburg, Katolika da Lutheran suka sa hannu kan takardar da ta ce sun yarda a kan ginshiƙin maganar. Abin lura shi ne, a duk wuraren nan Kirista ne yake tuhumar Kirista.

Kalma ta farko: shari'a

Kalmar Girkanci da Bulus ya yi amfani da ita ita ce nomos, kuma a yawancin wasiƙar Galatiyawa Attaurar Musa yake nufi. Fassarar 1979 ta sa mata Shari'a. Masu fassarar suna da hujja. Kalmar tana da kwarjini, tana nuna dokar da ta sauko daga Allah, kuma Bahaushe ya san ta a ma'anar tsayuwa gaban alƙali, wanda ya dace da hoton da Bulus yake zanawa na mai laifi da ake jiran a yanke masa hukunci.

Amma kalma ba ta zama inda aka ajiye ta. A watan Oktoba na 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Zamfara, ta fara aiki a Janairun 2000, jihohi goma sha ɗaya suka bi layi, a Fabrairun wannan shekara kuma Kaduna ta kama da wuta. Tun daga lokacin, in aka ce shari'a a Arewa, ba mai tuna Musa da Dutsen Sina'i. To, a ɗauki mutumin Kudancin Kaduna da ya rasa ɗan'uwa a wancan rikici, a karanta masa cewa Almasihu ya fanshi mutane daga ƙarƙashin Shari'a. Me zai ji? A ɗauki Musulmin da ya murɗa rediyo ya ci karo da wannan karatu. Shi kuma me zai ji? Dukansu biyu abu ɗaya za su ji, wato ana magana a kan Musulunci, alhali an rubuta wasiƙar kusan shekara ɗari shida kafin Hijira.

Babi na huɗu ya fi tsananta abin. A can Bulus ya ɗauki Hajara da Saratu ya yi misali da su, baiwa da 'ya, ya ce alkawari biyu ne. A misalinsa Hajara tana wakiltar alkawarin Sina'i da Urushalima ta zamaninsa, wato da 'yan'uwansa masu dagewa kan kaciya yake. Amma a kunnen Bahaushe Hajara uwar Annabi Isma'ila ce, wadda mahajjata suke tunawa tsakanin Safa da Marwa. In ka haɗa sunanta da kalmar bauta da kalmar Shari'a a numfashi ɗaya, ka kuma watsa a iska ba bayani, ka kunna abin da marubucin bai taɓa nufi ba.

Ɓarnar tana da fuska biyu. Ta farko, an yi wa Musulunci ƙaramin hoto, kamar addini ne na lissafin lada kawai. Alhali akwai hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito mai nuna cewa ba wanda aikinsa zai shigar da shi Aljanna sai da rahamar Allah, har shi Annabi (SAW) bai cire kansa ba. Addinan biyu sun bambanta ƙwarai a kan yadda rahamar take isa ga bawa, wannan ba a ɓoye yake ba, amma ba gaskiya ba ne cewa ɗaya ya san rahama ɗaya bai sani ba. Irin wannan gyara aka yi wa Yahudanci ma: a 1977 masani E. P. Sanders ya nuna cewa Yahudawan zamanin Bulus ba sa kallon Attaura a matsayin kuɗin sayen yardar Allah, suna kallonta ne a matsayin yadda ake zama cikin alkawarin da aka riga aka ba su.

Fuska ta biyu ta fi cutar da Kirista shi kansa. Wasiƙar da aka rubuta don ta zama madubi a gare shi sai ta koma taga da yake leƙen maƙwabci. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Nasu tudun

Ikilisiyar ƙasar Hausa ba ta rasa nata shingayen ba. A 1888 taron bishop-bishop na Angalika a Lambeth ya yanke cewa ba za a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma ba, sai dai a ci gaba da koyar da shi. A aikace, ma'anar wannan ita ce dattijo ya saki uwayen 'ya'yansa kafin a karɓe shi. Shekara ɗari cif aka yi, sai a 1988 wannan taro ya sassauta, ya ce a yi masa baftisma da matansa da 'ya'yansa muddin ba zai ƙara aure ba, kuma kada a tilasta masa korar kowa. Sauran mishan-mishan ma, har da SIM da ta kafu a Tsibiri kusa da Maraɗi, sun zo da nasu ƙa'idodin a kan aure da giya da rawa. Barbara Cooper ta bi diddigin wannan tarihi na Maraɗi a littafinta na 2006. Mene ne bambancin wannan da kaciyar Galatiyawa? Can an ce sai ka zama Bayahude tukuna, nan an ce sai gidanka ya yi kama da na Bature tukuna.

Har yau abin bai ƙare ba. A wasu ikilisiyoyi yarinyar da ta yi ciki takan yi watanni a kujerar baya ƙarƙashin horo, wanda ya yi mata cikin kuwa in yana da ido a gari ba a cika jin sunansa ba. A wasu wuraren sai an buɗe littafin baiko an ga ko mamaci ya cika biyansa kafin a san irin jana'izar da za a yi masa. Ga kuma sabon salon masu cewa ka shuka iri, ka ba Allah dubu ya mayar maka dubu goma. Duk waɗannan su ne abin da Bulus yake faɗa da shi, amma da yake ba wanda yake kiran su Shari'a, sai wasiƙar ta wuce ta kansu ba ta taɓa su ba.

Fassarar Sabon Rai Don Kowa ta koma ga doka, kuma ta rage wannan hayaƙi. Sai dai doka tana da nata wari, na gwamnati da ɗan doka da dokar hana fita, alhali Bulus da kansa ya ce a wasiƙar Romawa abin da aka ba Musa mai tsarki ne, mai kyau. Fassarar Larabci ta Van Dyck, wadda Kiristocin Masar da Sham suka fi sani, ta kauce wa tarkon da kalmar namus, aro daga Girkancin. Mu kuwa ba ma bukatar aro. Muna da Attaura, kowa ya san ta, Musulmi da Kirista, ya kuma san ta Musa ce. A ganina, inda Bulus yake nufin Musa a ce Attaura, inda yake nufin ƙa'ida gaba ɗaya a ce doka.

Kalma ta biyu: alheri

Alheri kalma ce mai daɗin baki, ba wanda zai ji ta ya ɓata fuska. Amma a saurari yadda Bahaushe yake yabonta. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Alheri gadon barci. Duka biyun suna cewa abu ɗaya: ka yi, zai dawo maka. Matan Hausa sun mayar da wannan tsari sosai a harkar biki, inda ake riƙe lissafin abin da kowa ta kawo, in nata ya tashi a mayar mata har da ƙari. Wanda aka yi wa alheri ya ɗauki nauyi, in bai rama ba sunansa butulu. Saboda haka in aka ce wa Bahaushe da alheri aka cece shi, akwai wani lungu a zuciyarsa da yake tambaya: nawa ne, kuma yaushe za a zo karɓa?

Ba inda wannan tambaya take da haƙora kamar Sabha. Garin shi ne babban zangon farko ga wanda ya taso daga Agadas a bayan Hilux, ya bi Dirku da Madama da Gatrun. Dokar da Nijar ta kafa a 2015 ta hana safarar baƙin haure ba ta tsayar da tafiyar ba, ta dai ƙara mata tsada da haɗari, har aka soke ta a Nuwamban 2023. Wanda kuɗinsa bai kai ba, akwai mai ce masa kada ya damu, ya hau, in an isa ya biya. Da sunan taimako ake faɗar wannan magana, wani lokaci ma daga bakin ɗan garinsu. In an isa sai a sauke shi a gidan da Hausawan hanya suka raɗa wa suna gidan bashi. A kulle ƙofa, a miƙa masa waya ya kira gida, ana dukansa don iyaye su ji kukan. Kuɗin abinci da na kwana suna hawa kan bashin, in biya ya yi jinkiri a sayar da shi ga wani gida, lissafi ya koma farko. A Afrilun 2017 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta fitar da shaidar waɗanda suka ce an yi cinikinsu a Sabha kamar dabbobi, kafin hoton bidiyon CNN na Nuwamban shekarar ya girgiza duniya.

Cikin masu aiko wa shirina saƙon murya daga can akwai Kirista, 'yan Filato da Kudancin Kaduna da Adamawa, masu taruwa a ɗaki su yi addu'a da murya ƙasa-ƙasa, domin Libiya ba wurin yin wannan a fili ba ne. Abin da na lura da shi a maganarsu shi ne yawan lissafi da Allah. Wani ya yi alkawarin azumi kaza in ya fita. Wani yana ganin abin da ya same shi sakamakon zakkar da bai fitar ba ne. Wata kuma, da aka tilasta mata abin da ba ta so a gidan da aka kulle ta, ta yanke wa kanta hukunci cewa ba ta da fuskar shiga majami'a har abada. Wannan ita ce bautar ƙa'ida tsirara, ba mai wa'azi a kansu, su ne alƙalan kansu. Sun ji kalmar alheri sau dubu, amma alherin da suka gani da ido shi ne na mai cewa hau, ka biya daga baya.

Da wannan za a iya cewa masu fassara sun yi kuskure, da sun ce kyauta. Ban yarda ba. Kalmar Girkancin, karis, ita ma haka take a duniyarta. John Barclay ya nuna a littafinsa na 2015 kan Bulus da kyauta cewa mutanen wancan zamani ba su san kyautar da ba ta ƙulla zumunci ba. Ana ba da ita ne ga wanda ya cancanta, ana kuma sa ran godiya da biyayya. Sabon abin da Bulus ya kawo shi ne cewa wannan kyauta ba ta duba cancanta. Ba ta tambayi asali ko kaciya ko tarihin mutum ba. Ashe alheri ta kama karis daidai, har da danƙonta. Abin da ya rage wa mai karatu a bainar jama'a shi ne ya nuna inda wannan alheri ya saɓa wa na biki: a biki wadda ta taɓa kawowa ake kai wa, a nan kuwa wanda bai taɓa kawo komai ba aka fara nema.

Misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu babi na 20 kamar a Sabha aka tsara shi. Duk wanda ya san garin ya san 'yan ci-rani masu tsayuwa bakin titi tun asuba, kowa da shebur ko guduma a gabansa, suna jiran mota ta tsaya. A misalin, mai gona ya ɗebi wasu da sassafe a kan dinari ɗaya, ya yi ta dawowa yana ɗiban wasu har dab da faɗuwar rana, da lokacin sallama ya yi ya ba kowa dinari ɗaya. Na safe suka yi gunaguni, kuma duk lebura zai fahimce su. Amma lebura ya san wani abin da mai albashi bai sani ba: wanda ya kai la'asar a tsaye ba malalaci ba ne, shi ne mai tari, ko mai rauni, ko wanda ba ya jin Larabci, wanda kowace mota ta duba ta wuce. Cikinsa da na safe girmansu ɗaya. Wanda ya taɓa kai la'asar a bakin titi ba ya bukatar a fassara masa karis.

Murgu, fansa, tukwici

Akwai kalma ta uku a fassarar da nake ganin ta fi sauran dacewa, ita ce fansa, kuma tarihinmu ya ba ta zurfin da Turanci ba shi da shi. A ƙasar Hausa ta da, bawa yana iya yin murgu, wato ya riƙa biyan ubangidansa wani abu a kai a kai don a bar shi ya nemi na kansa. Yana yawo kamar ɗa, amma ranar da ya kasa biya zai tuna matsayinsa. Yana iya yin fansar kai, ya tara kuɗin wuyansa kaɗan-kaɗan. Ko kuma wani ya biya a madadinsa, ko ubangidan ya 'yanta shi don Allah. Bautar ƙa'ida a addini murgu ce: kana biya kowane mako, ba ka taɓa gamawa, tsoro kuma bai taɓa barinka ba. Abin da aƙidar Kirista take da'awa shi ne na ƙarshen, wani ya biya, an yaga takarda. Dorugu, wanda bai biya wa kansa ko wuri ɗaya ba, ya san bambancin a jikinsa.

Yaga takarda kuma ba ya nufin tsoro ya fita nan take. A watan Maris na 2018 Oba na Benin, Ewuare na Biyu, ya tara bokayen ƙasarsa ya warware duk rantsuwar da ake sa 'yan mata su yi kafin a bi da su ta Kano da Agadas da Sabha zuwa Italiya, rantsuwar cewa za su biya bashin uwar ɗakinsu ko su mutu. Magana ɗaya daga wanda ya fi bokayen iko ta kashe rantsuwar. Duk da haka, wadda ta shekara tana tsoro sai ta ji labarin, ta kuma gaskata shi, kafin ta daina biya. Wannan shi ne gurbin da Bulus ya ba bangaskiya: amincewa da cewa sanarwar gaskiya ce.

Saura babbar tuhuma, wadda Musulmi yake yi, Kirista da yawa ma suke yi: in an yafe komai kyauta, me zai hana mutum sheƙe ayarsa? Tuhumar tana da ƙarfi, kuma tana cikin littafin kansa. Wasiƙar Yakubu ta ce bangaskiyar da ba aiki matacciya ce, har Luther ya taɓa rena wasiƙar saboda haka. Dietrich Bonhoeffer, limamin da 'yan Nazi suka rataye a 1945, ya yi kashedi a 1937 kan alheri mai araha, yafiyar da ba ta canja kowa. A Sabha tuhumar tana da fuska. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa masu tsaron gidajen bashi da masu dukan sau da yawa baƙi ne 'yan'uwan waɗanda ake duka, wasunsu ma a gidan suka fara zama kafin a ba su sanda. In irin wannan ya ce an yafe masa, gobe kuma ya koma ya ɗauki tiyo, wane alheri ke nan?

Matiyu babi na 18 ya amsa da labarin bawan da sarki ya yafe wa bashin da ba zai iya biya ba ko da ya shekara dubu, ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari ɗari, sarki ya ji ya mayar da shi kurkuku. Hausa kuma tana da kalmar da ta warware ƙullin, ko da yake ban ji ana amfani da ita a wannan wuri ba. Yaba kyauta tukwici. Kowa ya san tukwici ba kuɗin kyauta ba ne; wanda aka aiko wa rago ya ba da tukwicin da ya kai kuɗin rago ya zagi mai aikowa. Ya kuma san wanda ya karɓi kyauta ya hana tukwici ya nuna bai san darajarta ba. Abu na uku shi ne mafi muhimmanci: tukwici ba ya komawa hannun mai kyauta, ɗan aike ake ba, wanda yake tsaye a ƙofarka. Haka aikin kirki yake a wannan aƙida in an fahimce ta daidai. Allah ba ya bukatarsa, maƙwabci ne yake bukata. Mai sandan gidan bashi da ya ce an yafe masa, tukwicinsa shi ne ya buɗe ƙofa.

Hukuncina

Fassarar 1979 aiki ne mai daraja, Hausarta tana tafiya a baki, kuma ba laifin masu ita ba ne da tarihi ya sauya wa wata kalma nauyi bayan shekara ashirin. Amma littafin da ake saurara dole a riƙa sake auna shi da kunnen masu rai. Shari'a ta tashi daga inda suka ajiye ta, ya kamata a sauke mata wannan kaya a ɗora wa Attaura. Alheri ta zauna daram, sai dai kada a bar ta ita kaɗai, a riƙa rakiyarta da fansa a gaba da tukwici a baya. Masu karatu a rediyo da masu naɗar murya don waya su ma suna da nasu aiki: jimla biyu na bayani kafin a shiga Galatiyawa babi na huɗu ba za su ci minti ɗaya ba, kuma suna iya hana wata gaba.

Ga shugabannin ikilisiya kuwa, gwajin yana zuwa har gida. Jiragen da suke kwaso mutane daga Libiya suna sauka a Legas da Kano da Yamai, cikinsu akwai mata da goyon da ba za su iya faɗin sunan ubansa ba, da samarin da aka sayar da gonar gado don fansarsu suka dawo hannu rabbana. Kujerar da aka nuna musu ranar Lahadin farko ita ce fassarar da za su gaskata.